Ajin A da Ajin C: Yadda Kasa Ɗalibai ke Sauya Awon da Matashi ke Yi wa Kansa

Duk makarantar da ɗalibanta suka fi ƙarfin ɗaki ɗaya, dole ta nemi hanyar kasa su. Wata takan bi jerin sunaye, wata ta bi wanda ya riga zuwa, wata kuwa ta ɗauko sakamakon jarrabawa ta jera yaran daga na ɗaya har kurar baya, ta yanki na sama ta ce su ne ajin A, na tsakiya B, abin da ya rage a tura C ko D. Wannan hanya ta ƙarshe fuskokinta da yawa. A yawancin jihohin Jamus, yaro yana ɗan shekara 10, da ya gama aji huɗu na firamare, ake yanke irin makarantar da zai tafi, kamar Gymnasium mai kai mutum jami'a, ko Realschule, ko Hauptschule wadda aka fi saninta da kai yaro ga koyon sana'a. A Singafo, daga farkon shekarun 1980 har zuwa 'yan shekarun nan, makaranta ɗaya ce amma layi-layi, kowane yaro da layinsa a dukkan darussa. A Ingila abin da aka fi yi shi ne kasa yara darasi-darasi, ta yadda yaro zai iya zama a rukunin farko a Turanci, a lissafi kuma yana rukuni na huɗu. Mu ma nan Nijeriya abin ba baƙo ba ne. Ban da makarantun da ke cika ajin A da masu maki, akwai rabon da ake yi a farkon babbar sakandare, inda sau da yawa maki ke yanke wanda zai shiga ajin kimiyya da wanda za a tura adabi ko kasuwanci, ko ma mene ne yaron ke so. Hujjar masu yin haka a fili take, kuma tana da nauyi: malami ya fi jin daɗin koyar da yaran da tafiyarsu ta zo ɗaya, mai sauri ba ya zaman jira, mai nawa ba a barinsa a baya. Wanda hujjar ta manta da shi shi ne yaron kansa, wanda zai tsaya gaban jerin sunayen da aka liƙa a bango, ya karanta, ya juyo da hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa.

Kowane ɗalibi yana ɗauke da wani awo da ya yi wa kansa, ko da bai taɓa furta shi ba: ni ina ja a lissafi, ni Turanci ba ya shiga kaina, ni dai karatu ba nawa ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bibiyar wannan awo ta hanyar tambayoyi, kuma abu na farko da suka lura da shi shi ne bai cika zuwa ɗaya da ainihin abin da yaron ya iya ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa ba buhun masara ba ce da za a ɗora a sikeli a karanta nauyinta. Wanda ke son sanin matsayinsa sai ya waiwaya ya dubi na kusa da shi. Leon Festinger, wani masani ɗan Amurka, ya tsara wannan tunani tun 1954, cewa inda babu ma'auni tsayayye mutum da mutane yake auna kansa, musamman waɗanda yake gani kullum. Ɗan aji ɗaya ko biyu na firamare bai damu da wannan ba, in ka tambaye shi zai ce maka ya iya komai. Daga wajen shekara 11 zuwa 15 ne idon yaro ke buɗewa a kan sa'o'insa, ya fara lura da wa aka tafa wa, wa aka yi wa dariya, wa malami ke kira in baƙi sun zo. A waɗannan shekarun ne bincike a ƙasashe da dama ya nuna awon kai yana yin ƙasa a wurin yawancin yara, kuma daidai lokacin ne makarantu suka fi kasa su.

A 1984 Herbert Marsh da abokin aikinsa Parker suka buga wani bincike da suka yi a makarantun birnin Sidni na Ostareliya, wanda ya juya abin da kowa ke zato. A ɗauki yara biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, ɗaya a sa shi cikin zaƙaƙurai, ɗayan cikin masu matsakaicin ƙoƙari. Hankali zai ce na cikin zaƙaƙurai shi zai fi jin kansa, tunda ga inda aka ajiye shi. Abin da aka samu akasin haka ne: shi ne ya fi raina kansa, domin duk inda ya juya wanda ya fi shi yake gani, alhali ɗan'uwansa yana can yana zuwa na ɗaya ko na biyu ana yaba masa. Marsh ya laƙaba wa abin sunan babban kifi a ƙaramin kududdufi. Da farko an ɗauka halin wasu 'yan makarantu ne kawai, sai a 2003 shi da Kit-Tai Hau suka duba bayanan jarrabawar PISA, wadda ƙungiyar OECD ke yi wa 'yan shekara 15, ɗalibai fiye da 100,000 a ƙasashe 26, kuma a dukkansu allurar gefe guda ta nuna: in matsakaicin makin makaranta ya hau, awon da yaro ke yi wa kansa sai ya sauka, matuƙar an kwatanta shi da mai ƙoƙari irin nasa a wata makaranta. An maimaita binciken a ƙasashe 41, aka sake a 56, labarin bai canja ba. Tarihi ma ya ba masana wata dama da ba za su iya shirya ta da kansu ba. Jamus ta Gabas ba ta kasa yara da wuri irin ta Yamma, to bayan haɗewar ƙasashen biyu a 1990 sai aka ɗora wa Gabas tsarin Yamma. A farkon shekarar karatu ta farko bayan haka wannan illa ta fi ƙarfi a Yamma, kafin shekarar ta ƙare Gabas ta kamo ta.

Wanda ya fi nuna abin a jikin mutane shi ne Colin Lacey, a littafinsa na 1970 a kan wata makarantar maza a arewacin Ingila. Makarantar ta zaɓaɓɓu ce, ba mai shigarta sai wanda ya ci jarrabawar da ake yi a shekara 11, don haka kusan kowane yaro a cikinta gwarzo ne a firamarensa, wanda ya saba ɗaga hannu a kira shi. Gaba da gabanta: da aka tara su wuri ɗaya dole wani ya zo na ƙarshe. Bayan shekara guda aka kasa su bisa maki, kuma cikin ɗan lokaci waɗanda suka faɗa rukunin ƙasa suka fara janye jiki, wasu da kuka da rashin barci, wasu da taurin kai da ƙin aikin gida. Waɗannan fa yara ne da suka fi mafi yawan sa'o'insu na garin ƙoƙari. Ko a rukunin sama ma ba a tsira ba. Jo Boaler da abokan aikinta, da suka bi darussan lissafi a makarantun Ingila a ƙarshen shekarun 1990, sun tarar da ɗaliban rukunin farko da yawa, musamman 'yan mata, cikin fargaba: ana gudu da su, malami ya ɗauka kowa ya gane, kuma ba mai son ya yi tambaya a ce bai cancanci kujerarsa ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kasa yara rahama ne ga masu rauni, tunda an raba su da waɗanda ke sa su jin kunya. Amma akwai wani ƙarfi na biyu da ke ja ta ɗaya gefen, wanda Bahaushe ya taƙaita da cewa suna linzami ne. Yaro ba ya auna kansa da 'yan ajinsa kaɗai, yana kuma sanin sunan da aka sa wa ajin, ko da hukumar makaranta ta ɓoye shi a bayan harafi ko launi ko sunan tsuntsu. Kafin mako ya zagayo yara sun gane wane ne ajin daƙiƙai. David Hargreaves ya nuna tun 1967, a wata makarantar maza ta Ingila, yadda 'yan ajujuwan ƙasa da suka rasa daraja ta hanyar karatu suka ƙirƙiri tasu darajar, inda gwarzo shi ne mai yi wa malami tsaurin ido da mai tsallake katanga. Shekaru hamsin bayan haka Becky Francis da tawagarta a Jami'ar Landan suka bi yara fiye da 9,000 daga shigarsu sakandare har tsawon shekara biyu. Tun da farko 'yan rukunin ƙasa ba su kai na sama yarda da kai ba, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne ratar ta ci gaba da faɗaɗa, ko bayan an cire bambancin makin da suka shigo da shi, kuma a wurin waɗanda aka sa a rukunin ƙasa na lissafi raunin ya tsallake lissafin ya taɓa yadda suke ganin kansu a karatu baki ɗaya.

To, wanne ne gaskiya, kasa yara yana ɗaga na ƙasa ko yana danne shi? Duka biyun suna faruwa, kuma wanda ke rinjaye ya danganta da wa yaron ke gani a kullum. Anna Chmielewski da abokan aikinta sun fito da wannan a 2013, da suka kwatanta ƙasashe bisa irin rabon da suke yi. Inda ake kasa yara darasi-darasi, yaro yana rabuwa da abokinsa a bakin ƙofa duk lokacin lissafi, wannan ya shiga ɗakin na sama shi ya wuce na ƙasa, kullum ana tuna masa matsayinsa, don haka sunan rukuni ke rinjaye kuma na ƙasa shi ke shan wuya. Inda aka raba su gaba ɗaya, makaranta daban ko layi daban, a hankali yaro yakan manta da waɗanda ba ya gani, ya koma auna kansa da na gefensa, sai na ƙasa ya ɗan farfaɗo, na sama ya ɗan sauko. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya bi ɗalibai kusan 500 a Singafo, ya ga wannan juyi da idonsa: da aka gama rabo 'yan layin ƙasa ne suka fi raina kansu, bayan shekara uku kuwa sun ɗara 'yan layin sama. A Hong Kong ma, inda shiga babbar makaranta abin alfahari ne ga dangi duka, Marsh da abokansa sun auna ƙarfin biyun a 2000, suka ga alfaharin sunan makaranta yana nan, amma bai kai nauyin zama kullum cikin waɗanda suka fi ka ba.

A nan mai jayayya zai ce, in haka ne a raba su kwata-kwata mana, kowa ya huta. Amsar ita ce kwanciyar hankalin da yaron layin ƙasa ya samu tsada gare ta, domin da makomarsa ya saye ta. Ya daina jin shi ne na baya saboda an cire shi daga tseren, an rage masa manhaja, an kuma rufe masa ƙofar jarrabawar da ke kai mutum gaba. Eric Hanushek da Ludger Woessmann sun kwatanta ƙasashe a 2006, suka ga waɗanda ke raba yara da wuri ratar da ke tsakanin na sama da na ƙasa tana ƙaruwa daga firamare zuwa sakandare, ba tare da wata alama cewa ƙasar ta ci riba a jimlace ba. Finlan ta haɗe makarantunta a shekarun 1970, ta kuma soke kasa yara bisa ƙoƙari a ilimin tushe a 1985, abin bai hana ta zama a sahun gaba a PISA ba a farkon wannan ƙarni. Singafo kuwa ita ce shaidar da ta fi ƙarfi, domin ta ci moriyar tsarin: ta kawo shi ne lokacin da yara ke barin makaranta da yawa, kuma ya taimaka wajen tsayar da su. Duk da haka a 2019 ministan iliminta na lokacin Ong Ye Kung ya sanar da cewa za a soke layukan, yana mai nuni da tabon da sunan layi ke bar wa yaro da yadda yake takure masa buri. Daga 2024 ɗalibin da ya shiga sakandare yana ɗaukar kowane darasi a matakin da ya dace da shi, G1 ko G2 ko G3, yana iya hawa, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na lokacin karatu ana yin sa ne a aji guda da ya haɗa kowa. Ko wannan ma, kamar yadda aka gani a Ingila, bai kuɓuta daga matsalar suna ba, sai dai ya bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan tayar da hankali, wato sikelin da ake awon da shi ba daidai yake ba. Tawagar Francis ta kwatanta rukunin da aka sa yara a lissafi da makin da suka ci a ƙarshen firamare, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba a inda makinsu ya nuna suke ba, wasu an ɗaga su wasu an saukar. Kuskuren kuma yana da gefen da ya fi karkata: 'yan mata sun fi maza faɗawa ƙasa da matsayinsu, baƙaƙen fata sun fi farare. Hatta watan haihuwa yana shiga ciki. A Ingila shekarar karatu a Satumba take farawa, don haka haifaffen Satumba ya girmi haifaffen Agusta na ajinsu da kusan shekara, kuma Tammy Campbell ta nuna a 2013 cewa a makarantun firamare masu kasa yara damar haifaffen Satumba ta shiga rukunin sama ta ninka ta haifaffen Agusta fiye da sau biyu. Girman wata goma sha ɗaya aka kira hazaƙa. Da ana sake duba rabon a kai a kai da abin ya zo da sauƙi, amma inda aka sa yaro nan ya fi zama, domin na sama sun yi nisa a manhaja, ko ya yi ƙoƙari babu ta inda zai kamo su. Sannan ƙwararrun malamai sama ake kai su, abin da Jeannie Oakes ta nuna a Amurka tun 1985, aka kuma sake gani a Ingila. A ƙarshen shekara na ƙasa su faɗi, sai a ce ai dama an faɗa.

Rabon da ake yi a babbar sakandare a Nijeriya ya haɗa kusan duk waɗannan illoli a wuri ɗaya. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ake yanke wa hukunci, sau da yawa da sakamakon jarrabawa guda, kuma hanyar komawa a toshe take, tunda wanda bai yi fizis da kemistiri ba ba zai zauna jarrabawar JAMB ta likitanci ko injiniyanci ba. Ajin kimiyya ya zama lambar yabo, adabi ya zama wurin da ake zuba ragowa, har yaron da Allah ya hore wa harshe da tarihi yana jin kunyar faɗin ajinsa a gaban baƙi, wani kuma yana can cikin kimiyya yana wahala don kada a ce ɗan wane ya kasa. Marsh ya gano wani abu a 1986 da ya dace a sani a nan: ban da auna kansa da wasu, yaro yana auna darussansa da junansu. Wanda ya ci 85 a Turanci da 70 a lissafi yakan ce shi bai iya lissafi ba, alhali ya fi wanda ya ci 60 a lissafi da 40 a Turanci, wanda shi kuma yake ganin kansa ɗan lissafi. Ke nan ko yaron aka tambaya, amsarsa tana bukatar a tace ta.

Jayayyar da ta fi kowace ƙarfi daga bakin malami take fitowa, kuma ba ta kamata a yi mata gatsali ba. Wanda ke tsaye gaban yara tamanin ko ɗari, wasu suna karanta jarida wasu ba su gama haɗa baƙi ba, in ka ce masa kada ya kasa su, ka ce masa ne ya koyar da goma na gaba ya bar sauran suna kallon allo. Kuma yana da shaida daga Afirka. Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun yi gwaji a makarantun firamare 121 a yammacin Kenya, aka ba kowace ƙarin malami don a raba aji ɗaya gida biyu, a wajen rabin makarantun bisa maki, a sauran kuma da ƙuri'a. Bayan wata 18 makarantun da aka kasa bisa maki suka fi, kuma har 'yan rukunin ƙasa sun amfana, domin malami ya sauko daidai inda suke. Sakamakon gaskiya ne, sai dai a dubi sharuɗɗansa. Yaran 'yan aji ɗaya ne, ba su kai shekarun auna kai da sa'o'i ba. Manhaja ɗaya ce. Malaman kuma da ƙuri'a aka raba su, ba a zaɓe wa na sama gwani ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne amfanin koyar da yaro daga inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya a kan wannan ta gina tsarinta, wanda aka gwada a Borno da Kano: a ware wani lokaci a rana, a kasa yara bisa abin da suka iya a karatu da lissafi, a riƙa gwada su a kai a kai, wanda ya iya haɗa kalma yau gobe ya wuce rukunin jimla. Wannan ba zai zama baƙo ga wanda ya san makarantar allo ba, inda kowa da allonsa da inda ya tsaya, in ya haddace ya wanke a ɗora masa, kuma kolo da tittibiri da gardi matakai ne da ake wucewa. Tsangaya tana da nata matsalolin, amma ba ta da ajin da ake ajiye mutum a ce nan ne iyakarsa.

Saura masu cewa a bar zaƙaƙurai su yi gudunsu, ƙasa tana bukatar likitoci da injiniyoyi. Jihar Kano ta bi wannan hanya a 1977 da ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, tana zaɓo yara da jarrabawa daga sauran makarantu, kuma ba mai musun yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Tambayar ita ce mene ne ya yi aikin, tara masu ƙoƙari a wuri ɗaya, ko ɗakunan gwaji da malamai da kulawar da aka ba su wadda sauran makarantu ba su samu ba? Hanyar rarrabewa ita ce a kwatanta yaron da ya tsallake makin shiga da ƙyar da wanda ya faɗi da ƙyar, tunda ƙoƙarinsu kusan ɗaya ne. An yi haka a 2014 da fitattun makarantun zaɓe na Boston da New York, irin su Boston Latin da Stuyvesant, aka ga bambancin sakamakonsu daga baya bai taka kara ya karya ba. Makarantun sun yi suna ne saboda waɗanda suke ɗauka. A Romaniya, wani bincike na 2013 ya sami ɗan ƙarin maki a jarrabawar kammala sakandare ga wanda ya tsallake da ƙyar, amma yaran sun riƙa jin su ne raunana a cikin sa'o'insu, ana mayar da su gefe, iyayensu kuma suka rage taimaka musu da aikin gida, suna ganin ai makaranta ta ɗauke musu. Makarantar zaɓe tana da amfani inda ita kaɗai ce ke da kayan aiki, amma uban da ke fafutukar cusa ɗansa da ƙyar ya san cewa yana iya sayo masa shekara uku na zama kurar baya.

Wani zai ce duk wannan maganar jin daɗin rai ce, makaranta kuwa wurin koyo ne, in yaro bai iya ba gara ya sani. Da awon da yaron ke yi wa kansa gaskiya yake faɗa masa da an yarda, amma an riga an ga cewa rabinsa labarin waɗanda aka zaunar da shi cikinsu ne. Kuma ba a zuciya yake tsayawa ba. Wanda ya ɗauka ya iya lissafi shi ke zama da tambaya mai wuya har ta warware, wanda ya ɗauka bai iya ba yana gani zai rufe littafi, bayan shekara biyu zato ya zama gaskiya. Richard Murphy da Felix Weinhardt sun bi bayanan ɗaliban Ingila masu ɗimbin yawa, suka nuna a 2020 cewa yara biyu da suka ci maki ɗaya a ƙarshen firamare, wanda ya kasance a saman ajinsu yakan fi ɗayan a wannan darasi a sakandare, ya kuma fi shi yiwuwar zaɓar darasin daga baya. Wannan ya kamata ya sa mu sake duban al'adarmu ta rubuta na nawa yaro ya zo a katin sakamako, ana karantawa a gaban taro. A ɗaya gefen kuma ribar da ake cewa kasa yara aji-aji na kawowa ƙarama ce ƙwarai: gidauniyar EEF ta Ingila, da ta tattara binciken da aka yi a kai, ta ƙiyasta cewa a jimlace ba ya ƙara wa ɗalibai ko wata guda na ci gaba, ɗan abin da na sama suka samu na ƙasa ne suka biya.

Saboda haka shugaban makarantar da ya ga ba makawa sai ya kasa ɗalibai, ya kasa su a darasin da ake bukata kawai, da gwajin wannan darasin, ya sake gwaji kowane zango, ya bar manhaja ɗaya don mai hawa ya sami matakala, ya kuma tura malaminsa mafi ƙwarewa wurin waɗanda suka fi bukatarsa. Uban da aka ce masa an sa ɗansa a ajin C kuwa, kafin ya ɗauki bulala ko ya fara yi masa gori da ɗan maƙwabci, ya je makarantar ya yi tambaya biyu: wa ke koya wa ajin C lissafi, kuma yaushe za a sake duba jerin sunayen.